KADA KA RABU DA AYARI

(Wa'azin safiyar Lahadi da aka watsa ta rediyo. Mun sāke buga shi domin waɗanda ba su samu ji ba.)

Karatu: Ibraniyawa 10:19-25 da 32-36

Ina gaida waɗanda suke shirin tafiya sujada yanzu, da marasa lafiya da ke kwance a asibiti, da masu gadi da ma'aikatan jinya waɗanda aiki ya riƙe su a wannan safiya. Ina kuma gaishe ka, kai da ka daɗe ba ka taka ƙofar majami'a ba, gama maganar yau taka ce musamman. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, buɗe ka karanta wurin da na ambata, sa'an nan mu yi tunani a kansa tare.

Duk wanda ya san Kano ya san Titin Ibrahim Taiwo. An sa masa sunan Kanar Ibrahim Taiwo ne, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammed. Da yawa cikinmu muna bin titin nan kullum, muna ratsa cunkoson Kantin Kwari, masu dako suna tura kura, dilolin atamfa da shadda suna shiga suna fita. Amma tun kafin a zuba kwalta, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tun kafin a kafa Sabon Gari, Fagge zango ce a bayan ganuwa. Nan Azbinawa suke sauke raƙumansu bayan sun ƙetaro hamada da gishirin Bilma.

Fataken dā ba su tafiya ɗaiɗai. Sukan haɗu su yi ayari, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba yana duba hanya. In an sauka zango, sai a kwance kaya, a shayar da dabbobi, a yi wa mai miki magani, a ci abinci, a kuma duba ko kowa ya iso. Falken da ya yi fushi ya ware, ko ya ce ya gaji zai biyo baya, sau da yawa ba a sāke jin labarinsa. In ƙishirwa ta bar shi, 'yan fashi ba za su bar shi ba. Ba wanda yake gina gida a zango, amma kuma ba wanda yake kai ƙarshen tafiya in ya ƙi sauka zango.

Haka Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa take duban masu bi. A sura 11 ta kira kakanninmu na bangaskiya baƙi da matafiya, a sura 13 kuma ta tuna mana cewa birninmu mai dawwama yana gaba. Mutanen da aka rubuta wa wasiƙar sun sha wuya. An ci mutuncinsu a fili, an kwashe dukiyarsu, an ɗaure waɗansunsu, duk da haka suka jure. Amma da tafiya ta yi tsawo, sai waɗansu suka fara janye jiki daga taro, har abin ya zame musu al'ada. Marubucin bai fara da tsawa ba. Ya fara tuna musu cewa jinin Yesu ya buɗe musu hanya zuwa gaban Allah, sa'an nan ya gargaɗe su kada su bar taruwa. Ku lura, cikin ayoyin nan duka da jam'i yake magana. An buɗe ƙofar domin mu shiga tare.

To, me ke raba mu da ayari a Kano a yau? Na ga abubuwa uku cikin shekarun da na yi ina kiwon ikkilisiya.

Na fari, tsoro. Ba zan raina tsoron kowa ba, gama yana da dalili. A watan Oktoba 1982, gardama a kan sabon ginin majami'ar Anglican da ke Fagge ta zama tarzoma, aka ƙone majami'u da dama. Ran 14 ga Oktoba 1991 rikici ya ɓarke saboda zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, rayuka masu yawa suka salwanta, na Kirista da na Musulmi. Ran 29 ga Afrilu 2012 aka kai wa masu sujada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ran 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar motoci ta New Road cikin Sabon Gari. Kada kuma mu manta maƙwabtanmu sun sha irin wannan ɗaci, gama ran 28 ga Nuwamba 2014 an kashe mutum fiye da 100 a Babban Masallacin Juma'a na cikin birni. Hawayen uwa iri ɗaya ne, ko ta Sabon Gari ce ko ta cikin ganuwa.

A 1991 ina saurayi, ban shiga kwalejin tauhidi ba tukuna. Ba na mantawa da Lahadin da ta biyo bayan rikicin. Mutane da yawa sun gudu bariki, waɗansu sun shiga mota sun koma garuruwansu. Mu da muka taru ba mu cika benci uku ba. Babu mawaƙa, babu ganga, babu tulun da mata suke bugawa. Bayan addu'a sai wani dattijo ya miƙe, ya shiga kiran sunayen iyalai ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya wa ya gan su. Duk sunan da aka yi shiru a kansa, sai ya nuna mutum biyu ya ce su je su nemo labari. A ranar ne muka ji cewa wani maƙwabci Musulmi ya ɓoye iyali guda namu a ɗakin matarsa kwana biyu. Wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ta zo da tukunyar kunu, muka sha da kofi ɗaya. Na karanta littattafai da yawa daga baya a kan ma'anar ikkilisiya, amma ba wanda ya koya mini abin da dattijon nan ya koya mini da kiran sunaye. Tsoro bai fita daga zukatanmu a ranar ba, sai dai kowa ya koma gida da sanin cewa in ya ɓace za a neme shi. Ɗan'uwa, in tsoro ne ya riƙe ka, ka sani tsoro ya fi ƙarfi a kan wanda yake zaune shi kaɗai.

Na biyu, rashi da kunya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin Adaidaita Sahu ya zama nauyi. Magidanci mai 'ya'ya huɗu a Dakata ko Na'ibawa yakan zauna daren Asabar yana lissafi, kuɗin zuwa da dawowa ko kuɗin cefane. Wata 'yar'uwa kuma ta daina zuwa domin an fitar da anko, kowa ya yanko sabon zane a Kwari, ita kuwa ba ta da hali. Wani yana jin kunyar lokacin baiko, sa'ad da ake fita layi layi ido yana kan hannun kowa. A nan laifin ba nasu ba ne, namu ne. Manzo Yakubu, a sura 2 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa ikkilisiyar da take ba mai kyakkyawar riga wurin zama mai daraja tana barin matalauci a tsaye. Zangon da yake korar gajiyayye ya daina zama zango. Kai mai mota, kujeru nawa ne babu kowa a cikinta ran Lahadi? Ku shugabannin zumunta, kafin ku yanke shawarar anko, kun tuna da gwauruwa?

Akwai kuma wanda ba rashi ne ya hana shi ba, sabo ne. Lokacin kullen korona a 2020 aka rufe wuraren ibada, muka koyi jin wa'azi ta waya. Allah ya yi amfani da wannan, mun gode. Amma an daɗe da buɗe ƙofofi, waɗansu har yau ba su komo ba. Ni da nake magana da ku ta rediyo, ni ne zan fara faɗa muku cewa rediyo ba ikkilisiya ba ce. Na ji daɗi kana saurarona, amma ban san sunanka ba. Waya ba za ta miƙa maka gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji ba, ba za ta zo maka barka ran suna ba, ba kuwa za ta zauna da kai a tabarmar makoki ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Na uku, ɓacin rai. Wannan ya fi sauran ɓarna, gama daga cikin gida yake fitowa. An yi zaɓen dattawa ba a zaɓe ka ba. An yi magana a kan kuɗin gini, aka gaya maka baƙar magana. Ko kuwa ka ga ana rarraba mutane, wannan ɗan Filato ne, wancan daga Kudancin Kaduna, wancan daga Adamawa, wannan kuma Bahaushe ne daga ƙauyukan Kano, kowa yana jan nasa. Harshe ɗaya muke sujada da shi tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, amma harshe ɗaya bai isa ya sa zuciya ta zama ɗaya ba.

A aya 24 akwai wata kalmar Helenanci mai ban mamaki, wato paroksusmos. Ma'anarta tsokana ko zuga mai zafi. Ita ce kalmar da Luka ya yi amfani da ita cikin Ayyukan Manzanni 15:39, inda gardama ta yi tsanani tsakanin Bulus da Barnaba a kan Yahaya Markus har suka rabu. Marubucin Ibraniyawa ya ɗauki kalmar faɗa ya sa ta aikin ƙauna. Wato in mun zauna tare, tilas za mu taɓa juna, haƙori ma yakan ciji harshe. Abin tambaya shi ne, ina za mu tura juna, wajen fushi ko wajen aikin kirki? Ku kuma tuna ƙarshen wancan labari. Cikin 2 Timoti 4:11, Bulus yana kurkuku, kwanakinsa sun kusa ƙarewa, sai ga shi yana roƙo a zo masa da Markus ɗin nan da ya ƙi tafiya da shi a dā. In manzo ya iya sāke ra'ayinsa a kan ɗan'uwa, kai ma za ka iya. Wanda ya ɓata maka rai ba shi ya mutu dominka ba, kada ka bar shi ya raba ka da teburin Wanda ya mutu dominka.

Yanzu ina magana da ku da ba ku fasa zuwa. Kada ku ce wa'azin yau na waɗansu ne. Aya 24 ta ɗora mana nauyin lura da juna, ba fasto kaɗai ta ɗora wa ba. Mun iya ƙirga baiko har kwabo, ana karanta jimillarsa cikin sanarwa kowane mako. Yaushe rabonmu da mu ƙirga mutane? Yau in ka zauna a majami'a, dubi bencin da ke gabanka da na bayanka. Wa ya saba zama a nan wanda ba ka gani ba wata uku? Riƙe suna ɗaya tak. Kafin Lahadi mai zuwa, taka ka je gidansa. Kada ka tafi da wa'azi, kada ka tafi da tuhuma. Yi sallama, ka zauna, ka tambayi lafiyar gida, ka saurara. In kuɗin mota ne, ku san yadda za ku yi. In kai ne ka yi masa laifi, ka ce ya gafarce ka.

Kai kuma da kake saurarona a ɗaki kai kaɗai, rana ba ta yi nisa ba. Wanke fuskarka, sa rigar da kake da ita, ka fito. Ko an yi rabin sujada ka shiga. Madugunmu Yesu Almasihu ya riga ya bi hanyar nan har ƙarshe, ya san sunan kowane ɗan ayari, yana kuwa tambayar naka.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, mun gode maka domin ba ka bar mu mu yi wannan tafiya mu kaɗai ba. Ka gafarta mana inda muka kori gajiyayyu da halinmu, da inda muka ga wuri babu kowa muka yi shiru. Ka ƙarfafa masu jin tsoro, ka biya bukatar marasa hali, ka warkar da zuciyar da aka ɓata. Ka ba birnin Kano salama, ka kiyaye mu da maƙwabtanmu duka, ka ba shugabanninmu hikima da adalci. Ka riƙe mu tare ta ikon Ruhunka Mai Tsarki har mu sauka zango na ƙarshe. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.