Laburaren Tsari da Ƙaramar Cibiya: Wa Ke Kai Saƙo Idan Ɗalibi Ya Buɗe Fayil?

 

An ba mu wannan lokaci ne, mu masu koyar da darasin kwamfuta, domin mu yi bayani a kan wani yanki na darasinmu da aka saba tsallakewa. Ɗalibanmu sun haddace cewa babbar manhaja, irin su Windows da Android da Linux, ita ce mai shiga tsakanin mutum da na'ura. Suna rubuta haka a jarrabawa su ci maki. Amma a tsayar da ɗaya a tambaye shi: da ka danna sunan fayil ya buɗe, wa ya kai saƙon, wa ya karɓa, wa ya ɗauko? Sai ya sunkuyar da kai. Wannan yaron kuwa shi ne zai zauna gaban na'ura ranar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta zalla, shi ne kuma zai nemi gurbi a sashen kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ya zauna aji ɗaya da yaran da suka tashi da na'ura a hannu. Abin da muke son nunawa shi ne wannan yanki ana iya fahimtarsa sarai, ana kuma iya koyar da shi ranar da babu lantarki.

A cikin kowace babbar manhaja akwai wani sashe da ake kira kanel, mu kuwa za mu kira shi cibiya. Furosesa tana da matsayi biyu na aiki, na cikakken iko da na taƙaitaccen iko. Cibiya ce ke zaune a matsayin cikakken iko, tana iya taɓa ko'ina a ƙwaƙwalwar na'ura da kowane ƙarfe da ke jikinta. Sauran manhajoji, na rubutu ne ko na kallon hoto, a taƙaitaccen iko suke, kowace an katange ta a nata wurin, abin da take so daga waje sai ta roƙa.

To amma mai rubuta manhaja ba ya roƙon cibiya kai tsaye. Tsakaninsu akwai laburaren tsari. Ba ɗakin littattafai ake nufi ba. Tarin ƙananan ayyuka ne da aka riga aka rubuta, kowanne da sunansa, kamar open na buɗe fayil, da read na karantawa, da write na rubutawa. Tun 1988 aka fitar da ƙa'idar POSIX wadda ta tsayar da sunayen nan da abin da kowanne zai yi. Laburaren da ya fi shahara a Linux shi ne glibc, na wayoyin Android kuwa, irin Tecno da Itel da Infinix da ke aljihunanmu, sunansa Bionic. Dattawan cikinmu sun san marubucin wasiƙa da ke zama bakin kotu ko gidan waya. Mai buƙata ya faɗi abin da yake so da bakinsa, marubuci ya san yadda ake tsara takardar da ofishin da za a kai ta. Aikin laburare ke nan.

A Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, aikin marubucin nan ɗan kaɗan ne, domin ofis ɗaya ne tak. Cibiyar Linux dunƙulalliya ce: tsarin ajiye fayiloli, da na sadarwa, da direbobin da ke sarrafa faifan ajiya da allo da sauran kayan jiki, duk suna cikinta. Idan manhaja ta kira open, laburare ya sa lambar buƙatar a inda aka tanada, ya ba furosesa umarni guda na tsallakawa zuwa cikakken iko, cibiya ta yi komai ta dawo da amsa. Ku ɗauka shugaban makaranta ne da ke riƙe da makullin sito, da rajista, da ƙararrawa, da kuɗin alli. Aiki yana sauri a wurinsa, amma ranar da ya kwanta ciwo an rufe makaranta. Rubutun cibiyar Linux ya haura layi miliyan 30, mafi yawansa direbobi ne, kuma kuskure a direba guda yana iya kayar da na'urar baki ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Duniya ta ga irin wannan a ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure na kamfanin CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a cikin cibiyar Windows, ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi.

Masu ra'ayin ƙaramar cibiya, wato maikrokanel, sun ce a rage wa shugaban nan kaya. A bar masa abu uku kawai: rabon ƙwaƙwalwa, da rabon lokacin furosesa, da isar da saƙo tsakanin manhajoji. Sauran ayyuka a ba manhajoji na daban masu zaman kansu a taƙaitaccen iko, waɗanda za mu kira hadimai. Ga hadimin fayiloli, ga na sadarwa, ga na tantance wane ne wane. Cibiya ta zama masinja, ba ta buɗe ambulan, ba ta ma san ma'anar kalmar fayil ba.

A nan ne gizo ke saƙar. Manhajar da aka rubuta tun da can tana nan tana kiran open kamar yadda ta saba, alhali ofishin da ke amsa wannan kira an raba shi gida-gida. Wa zai rufe wannan giɓi? Laburare. Misali mafi bayyana shi ne GNU Hurd, wanda aka fara a 1990 a kan ƙaramar cibiyar Mach, ita kuma an ƙirƙire ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka daga 1985 ƙarƙashin Richard Rashid. A Mach saƙo yana bi ta abin da za mu kira ƙofa. Ƙofa layin jiran saƙonni ce da cibiya ke tsaro; manhaja ɗaya ce ke da izinin ɗauka daga cikinta, wasu kuma a ba su izinin jefawa. Wanda ba a ba izini ba, ko ya san ƙofar tana nan, ba shi da hanyar isa gare ta.

Bari mu bi buɗe fayil guda mataki-mataki. Ɗalibi ya danna, manhaja ta kira open. Sunan laburaren nan ma glibc ne, amma cikinsa dabam. Tun lokacin da aka tayar da manhajar an damƙa mata wasu ƙofofi, ciki har da ta tushen dukkan fayiloli. Laburare ya tsara saƙo ɗauke da sunan fayil da abin da ake son yi da shi, ya miƙa wa cibiya, cibiya ta jefa a ƙofar hadimin fayiloli. Hadimi ya duba. Idan fayil ɗin a hannunsa yake kuma akwai izini, sai ya buɗe sabuwar ƙofa ta wannan fayil kaɗai, ya aiko da izinin jefawa cikinta. Idan kuwa hanyar ta ratsa yankin wani hadimi, amsar ita ce: nan iyakata, ga ƙofar wane, ga ragowar sunan, ƙarasa can. Laburare ya sake tsara saƙo ya aika, har sai an kai ga mai shi. Duk wanda ya taɓa bin takardar ƙarin girma daga makaranta zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa Gusau, ya san wannan tafiya, sai dai ita wannan ba a ce maka ka dawo gobe.

Saura abu ɗaya. Ƙa'idar POSIX ta ce open lamba yake mayarwa, ba ƙofa ba. Saboda haka laburare yana riƙe da wata rajista tasa a cikin ƙwaƙwalwar manhajar, inda zai rubuta cewa lamba 3, alal misali, tana nufin ƙofa kaza. Ya miƙa wa manhaja lamba 3. In ta zo karantawa ta ce read a kan 3, ya duba rajista, ya aika saƙon karantawa ta ƙofar da ta dace. Manhajar ba ta san an yi wannan zirga-zirga ba. A Linux rajistar nan a hannun cibiya take, a Hurd kuwa ta dawo hannun laburare. Haka ma haifar da sabuwar manhaja daga wadda ke gudana, abin da ake kira fork: a Linux kira ɗaya ne zuwa cibiya, a Hurd laburare ne ke neman a buɗe sabon wuri, ya kwafe ƙwaƙwalwa da izinin ƙofofi, ya sanar da hadimin da ke lissafin manhajoji. Ko dakatar da manhaja da maɓallan Ctrl da C saƙo ne, kuma laburare ne ke ajiye wani ɗan sashe a cikin kowace manhaja yana sauraron irinsa. Marubucin bakin kotu ya zama rabin ma'aikata.

Ba kowace ƙaramar cibiya ke ɗora masa kaya haka ba. MINIX, wanda Andrew Tanenbaum ya fitar a 1987 a Jami'ar Vrije da ke Amsterdam, ya bar rajistar lambobi a hannun wani hadimi, laburare kuwa cike ɗan gajeren saƙo kawai yake yi ya aika ya jira amsa. Ya kamata mu malamai mu lura cewa Tanenbaum malami ne, kuma don koyarwa ya rubuta MINIX, domin ɗalibi ya iya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. A kan MINIX ɗin Torvalds ya fara aikinsa, kuma su biyun suka yi muhawarar nan ta 1992 a kan wane tsari ya fi. A MINIX 3 na 2005 an sa wani hadimi mai lura da direbobi. Wanda ya faɗi, ya tayar da sabo a madadinsa, sauran na'ura na ci gaba da aiki.

Kowane alheri da kuɗinsa. Karatun da Linux ke gamawa da shiga ɗaya da fita ɗaya, a ƙaramar cibiya yana iya ratsa hadimai biyu ko uku, kowane tsallake kuwa yana cin lokaci. Mach ta yi ƙaurin suna wajen nauyi, har aka fara cewa tsarin ne bai da amfani. Bajamushe Jochen Liedtke ya nuna a 1993 cewa idan aka tsara isar da saƙo da kyau yana iya fin na Mach sauri fiye da ninki goma, kuma daga aikinsa zuriyar L4 ta fito. A 2009 masana a Ostireliya suka tabbatar ta hanyar hujjar lissafi cewa rubutun cibiyar seL4, wanda bai kai layi dubu 10 ba, yana yin daidai abin da aka tsara masa. Ba wanda ya yi wa layi miliyan 30 irin wannan.

A ganinmu babu wanda ya kayar da wani. Hurd ya haura shekara 30 bai zama abin amfanin yau da kullum ba, kuma wayoyinmu a kan Linux suke. Amma inda ake tsoron faɗuwa ko satar sirri, ƙaramar cibiya ake nema. QNX, wanda aka fara sayarwa a Kanada a 1982, yana cikin miliyoyin motoci. Sashen da ke tsare makullan sirri a wayar iPhone a kan wani nau'in L4 yake. A 2017 kuma ya bayyana cewa Intel ta sa MINIX 3 a wata ƙaramar na'ura da ke ɓoye cikin kayanta na kwamfuta tun wajen 2015, har Tanenbaum ya rubuta wa shugaban kamfanin buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ke nan duk makarantar da ke da kwamfuta mai Intel ta waɗannan shekaru, akwai yiwuwar aikin malamin nan yana gudana a cikinta, mai ita bai gani ba, ba ya kuma iya dubawa. Wannan ɓoyewar ba ta kwanta mana a rai ba.

Yadda za a kai wannan aji kuwa, ba a buƙatar komai sai yara bakwai da guntayen takarda. Ɗaya ya zama manhaja, ɗaya laburare riƙe da rajista, ɗaya cibiya, wanda aka hana buɗe takarda, sauran su zama hadimai, kowanne da kwalinsa a gabansa a matsayin ƙofa. Manhaja ta ce a buɗe mata fayil, aji ya ƙirga sau nawa takarda ta sauya hannu. Sai a sake wasan da yaro ɗaya riƙe da dukkan kwalaye, a ƙirga, a ga bambancin sauri. Daga nan malami ya ce hadimin faifai ya faɗi, ya koma wurin zamansa. A wasan farko a kira wani yaro ya maye gurbinsa aiki ya ci gaba. A na biyu kowa ya tsaya cik. Minti arba'in sun isa, a makarantar da ke da ɗakin kwamfuta da wadda allo da alli kaɗai gare ta.

Roƙonmu ga shugabannin reshe shi ne a ware wa malaman kwamfuta na yankin nan zama guda a kowane zango, wanda ya fi wani sani a wani fanni ya koya masa, domin da yawa daga cikinmu lissafi ko kimiyya muka karanta aka damƙa mana darasin. A zaman farko muna son a zo da kwali huɗu da takardu, mu fara gwada wasan a tsakaninmu kafin a kai wa yara.