Matsakaici da Lambar da Ta Fita Zakka: Jawabi a Taron Shekara



Duk shekara rahoton kuɗi kan zo mana da kalmar "matsakaici", mu yi tafi mu wuce. Yau muna neman izinin tsayawa a kanta, domin da ita ake yanka abin da kowa zai biya.

Hanyar fitar da matsakaici sananniya ce: a tara lambobi, a raba jimlar da yawansu. Mu ɗauka mutum 10 sun ba da gudunmawar ginin rijiyar burtsatse. Tara daga cikinsu sun ba da N20,000 kowanne, na goman kuwa, attajiri, ya ajiye N2,000,000. Jimla ta zama N2,180,000, matsakaici N218,000. To, wa ya ba da N218,000? Babu ko ɗaya. Mutum guda ya ja lissafin ya ninka abin da sauran suka iya fiye da sau 10. Idan muka dogara da wannan muka yanka kuɗin baɗi, malamin firamare da ɗan fansho za su ji nauyin zuwa taro, mu kuma mu ce sun daina kishin gari.

Lambar da ta fita zakka kan ja ƙasa ma. Ɗalibai biyar sun sami maki 60, 65, 70, 75 da sifili, saboda na ƙarshen yana kwance ranar jarrabawa. Matsakaicinsu 54 ne, alhali huɗun da suka zauna 67.5 gare su. Sai a ɗora wa malami laifin zazzaɓi.

Masana ƙididdiga suna da wani ma'aunin: a jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki ta tsakiya. A gudunmawarmu N20,000 ce, ko da attajirin ya ƙara miliyan goma.

Ba mu ce a share sunan mai kyauta ba, Allah Ya ƙara masa buɗi. A dai fara bincikawa, don wani lokaci alƙalami ne ya ƙara sifili. In lambar gaskiya ce, muna ba kwamitin kuɗi shawara ya riƙa kawo matsakaici da lambar tsakiya tare, ya ware manyan kyaututtuka a shafinsu daban, tun daga rahoton baɗi.