Wa Ke Duba Ɗakin Maganin Ƙauye? Jawabi ga Jama'ar Kaikai da Kewaye

An shirya jawabin nan ne domin jama'ar Kaikai da maƙwabtansu na ƙasar Kusada da ta Kankiya. Maganar da ke cikinsa guda ce, watau yadda Gwamnati ke duba ɗakunan magani na karkara, da kuma rabon talaka a cikin wannan dubawa. Gama gini shi kaɗai bai taɓa warkad da kowa ba. Ɗakin magani ba ya amsa sunansa sai mace mai naƙuda ta zo da tsakar dare ta iske ƙofa a buɗe, ga ungozoma, ga fitila, ga ruwa, ga magani.

Asalin al'amarin

A zamanin En'e, ɗakunan magani na ƙauyuka a hannun En'e su ke. Ita ke gina su, ita ke biyan ma'aikata, likitan Gwamnati kuwa ya kan fito rangadi loto-loto ya duba littattafai da ma'ajin magani. A 1976 aka yi gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya, aikin nan ya faɗo a wuyansu. Bayan shekara biyu, a 1978, ƙasashen duniya suka yi taro a birnin Alma-Ata, suka daidaita a kan cewa tushen lafiyar jama'a shi ne maganin da ke kusa da gida. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya tsayin daka har wannan manufa ta kafu a ƙasar nan, a 1992 kuma aka kafa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa.

Amma sai aka tarar da wata illa. Ɗakin magani ɗaya ya zama yana da iyayen gida barkatai: wannan ke biyan albashi, wancan ke kawo magani, wani dabam ke kawo allurar rigakafi. In abu ya ɓaci, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. Saboda haka a 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta yarda a tattara aikin duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha. A Jihar Katsina, mai ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, wannan nauyi yana kan Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla ɗakin magani ɗaya mai aiki sosai. Kaikai kuwa mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Kusada, kamar Mawashi da Kofa, don haka maganar ta shafe ta kai tsaye.

Abin da doka ta ce

A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Abu biyu a cikinta ya kamata kowane magidanci ya sani.

Na farko, dokar ta kafa asusu na musamman, ta ce Gwamnatin Tarayya ta riƙa zuba masa abin da bai kasa kashi 1 cikin 100 ba na kuɗin babban asusunta kowace shekara. Ta kuma kasa kuɗin kamar haka: kashi 50 domin biyan kuɗin jiyyar jama'a ta hanyar inshora, kashi 20 domin magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 domin gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 domin horad da ma'aikata, kashi 5 domin taimakon gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin, aka soma raba shi a 2019.

Na biyu, dokar ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili ne. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu.

Yadda a ke dubawa

Dubawar hawa uku ce. Hukumar Ƙasa ita ke tsara ƙa'ida, ta ce ga irin ma'aikata da kayan da ya kamata a samu. Hukumar Jiha da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma su ke aika masu dubawa. Mai dubawa in ya iso, ya kan nemi littafin zuwa aiki ya ga wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ya kan shiga ma'aji ya gwada abin da ke rubuce da abin da ke kan kanta, ya fid da maganin da wa'adinsa ya wuce. Ya kan duba sanyin firjin alluran rigakafi, domin allurar da zafi ya lalata ba ta tsare yaro daga ƙyanda, ko da ya ke uwa za ta koma gida tana zaton an tsare shi. Sa'an nan ya bi littafin awon ciki da na haihuwa da na kuɗi.

To, amma mai dubawa baƙo ne. Ya zo da hantsi, ya koma da la'asar, abin da ya faru da dare bai gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Domin haka ne aka sa hawa na uku, watau Kwamitin Raya Mazaɓa, wanda mutanen gari su ke ciki, maza da mata, tare da goyon bayan dagaci da masu unguwanni. Ba kwamitin ado ba ne. A ƙa'idar asusun nan, rabon ɗakin maganin da aka zaɓa ya kan shiga asusunsa na banki kai tsaye bayan kowane wata uku, kuma shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu tare da shugaban ɗakin magani. Ashe ke nan in rufi yana zuba, ko rijiya ta lalace, akwai wanda za a tambaya a cikin gari, ba sai an je Katsina ba.

Abin da ya wajaba a kan jama'a

Lalle ne jama'a su san sunayen 'yan kwamitinsu da ranar da su ke zama. Su sani allurar rigakafin yara kyauta ce, haka kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da a ke bi gida-gida da damina a ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Wanda aka nemi kuɗi a wurinsa a kan waɗannan, ko ya iske ƙofa a rufe lokacin aiki, kada ya yi shiru, kada kuma ya ta da husuma. Ya riƙe ranar da lokacin, ya kai wa kwamiti. In kwamiti bai yi kome ba, a kai ofishin lafiya na ƙaramar hukuma a Kusada, daga nan sai Hukumar Jiha.

Ciwon da ya fi ƙarfin ɗakin magani, a nemi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Kankiya, kada a tsaya jinkiri. Mata masu ciki su je awo da wuri, magidanta kuma su ba su izini da guzuri tun kafin ranar bukata. Ma'aikacin da aka turo daga nesa, a ba shi masauki, a girmama shi, gama wanda bai sami wurin kwana a gari ba, ba za a same shi da dare ba. Yaran gari masu ilmi kuwa, musamman 'yan mata, a taimake su su shiga makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya, don su komo su yi wa danginsu aiki.

Kada wani ya ce wannan wahala ce ta banza. Ciwon agana da ya hallaka kakanni an bayyana ƙarewarsa a duniya a 1980. An tabbatad da Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Duk waɗannan an ci nasararsu ne domin an bi gari-gari ana ƙirgawa, ana rubutawa, ana komowa a sake dubawa, sarakuna da talakawa kuma suka sa hannu. Irin wannan sa ido ɗakin maganin Kaikai ke bukata, kuma a zaman kwamiti mai zuwa ya kamata a fara: a nemi a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da aka kashe.