Tana Dafa wa Jama'a, Tana Jinya a Gida



Maganata yau a kan matar da ke tuƙa tuwo a gidan abinci ce, da yaron da ke mata wanke-wanke, waɗanda in sun tashi aiki wani aikin ke jiransu: tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, ko miji mai ciwon suga, ko yaro mai sikila. Duk wanda ya taɓa kwana a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya san mai jinya ce ke sayo magani, ta kawo abinci, ta wanke kaya, ta juya majinyaci. Da asuba kuma ta koma gindin murhu.

Doka ba ta san da ita sosai ba. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin gidajen abincinmu ƙanana ne. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da albashi, in likita ya ba da takarda. Wannan na ciwon kansa ne, ba na jinyar mahaifiyarsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne "maganin gajiya". Baya na ciwo, ƙafa ta kumbura saboda tsayuwa, sai a biya kemis a sayi diclofenac ko ibuprofen a haɗiye da yunwa, yau da gobe. In an daɗe ana shan waɗannan ƙwayoyi suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Ga zafin wuta da gumi da ƙarancin shan ruwa, su ma ƙodar suke wahalarwa. Ga hayaƙin itace a huhu. Mace ta yini tana ciyar da jama'a, ita kuwa sai bayan la'asar take tsintar loma a tsaye.

'Yar'uwa, ki ci abinci a zaune. Ki ajiye gorar ruwa kusa da ke. Ranar da kika kai Inna awon jini, ki miƙa naki hannun a auna. Ciwon da ya ƙi tafiya, likita ake kai wa.

Sai dai cewa "ki huta" ba ta da amfani in babu mai karɓarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangi, ku zauna ku raba kwanakin jinya, maza su shiga ciki da jikinsu, ba da kuɗin magani kaɗai ba. Ku kuma masu gidajen abinci, ku ba ma'aikatanku hutun kwana ɗaya a mako, ku bar su su yi musayar ranakun aiki a tsakaninsu, kuma don Allah kada ku yanke kuɗin ranar da ma'aikaciya ta kai uwarta asibiti.