Faten Wake da Ganye: Abincin Dare ga Mai Ciwon Suga ko Hawan Jini



A gidajenmu da yawa akwai wanda likita ya ce ya rage tuwo, mai da gishiri. Wani sai ya kwana da yunwa, wani kuma ya gaji ya koma cin abin da aka hana shi. Alhali abin da zai taimake shi yana cikin rumbunmu da lambunmu.

Mu jiƙa wake gwangwani 2 tun da safe. Kada mu cire ɓawonsa, gama yana taimakawa suga ya shiga jini a hankali. Da yamma mu canza ruwa mu dafa, ban da kanwa, domin tana lalata wasu bitamin. Idan ya yi laushi, mu sa albasa, tumatir, daddawa da man gyaɗa cokali 2. Alayyafo ya shiga daga ƙarshe, minti 5 ya isa. In an sauke, mu matsa lemun tsami, yana taimaka wa jiki ya sami sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi ma gishiri ne.

Wannan fate ba ya maye gurbin maganin asibiti. Amma idan dukan gida muka ci daga tukunya ɗaya, mara lafiyarmu ba zai ji an ware shi ba.