Ranar da anka kira ɗiyarmu intabiyu



An ce mu yi magana kan ɗiyanmu mata da sunka ƙare karatu suna jiran aiki. Da yawanmu da kuɗin adashi da ribar albasa da tafarnuwa munka biya musu makaranta. Wata ta yi NCE a Kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato, wata ta karanta kiwon lafiya a Gwadabawa. To, ranar intabiyu, duk shekarun nan cikin 'yan mintoci za a auna su.

Takardu tukuna. Tun yau, ba sai an kira ba, a fiddo su a shimfiɗa bisa tabarma: takardar haihuwa, ta firamare, sakamakon WAEC ko NECO, ta kwaleji, katin NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko Wurno, ko Rabah, ko Goronyo. A duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Nan Hauwa'u, can Kulu, wani wuri sunan kaka ya maye na uba. Mu mun san mutum guda ce, mai tantancewa bai sani ba. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu ko zuwa ofishin NIMC, kuma ba aikin kwana guda ba ne. Mai neman koyarwa kuma ta tabbatar da rajistarta ta TRCN.

Amma abin da ya fi damunmu, iyaye, shi ne baki. Mu munka koya musu in babba yana magana a sunkuyar da kai, a amsa a hankali, kar a yabi kai. Tarbiyya ce, ba mu nadama. Sai dai mutanen da ke bayan teburin nan ba surukanta ba ne. Malama suke nema da za ta tsaya gaban aji cike da yara, ko ma'aikaciyar asibiti da za ta yi wa mai ciki bayani ta gane. In an ce, "Gaya muna ko ke wace ce," yarinya ta ja mayafi tana wasa da yatsu, za su rubuta cewa ba ta iya ba, alhali ta fi wadda ta shiga kafinta sani. Ta gaishe su da ladabi, ta zauna in an ba ta izini, sannan ta ɗaga kai ta yi magana yadda na ƙarshen teburi zai ji. In tambayar Turanci ta kuɓuce mata, ta roƙa a maimaita; ya fi ta amsa abin da ba a tambaya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jajojin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, daga ƙauyuka suke tasowa da malfarsu, su ɗauki karatu, su koma su karantar da mata. Masu kunya ne, kuma da baki sunka yi aikinsu.

Sannan kar ta ce, "Ban taɓa aiki ba." Wadda ta riƙe muna littafin zubi shekara biyu ba a rasa ko sisi ba, wadda take koyar da ƙannenta a Islamiyya, wadda take lissafin buhuna ranar kasuwar Achida, duk aiki ne. Ta faɗe shi da adadinsa: mata nawa, wata nawa.

In a Sakkwato ne, ta tafi tun jajibiri da rana ta kwana wurin dangi, kun dai san halin hanya yanzu. Wanda kuma ya bugo waya yana cewa a turo kuɗi a sama mata gurbi, kar a taɓa jarin sana'a saboda shi, a zo a faɗa muna tukuna.

Daga zamanmu na gaba, bayan an gama zubi, za mu ajiye kujeru uku. Malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su zauna su yi tambaya, yarinya ta amsa, uwarta kuma, Hajiya, a yi haƙuri, ta koma baya ta yi shiru. Kowace ta zo da takardunta cikin fayil.