Kalmar "clear" da amsar da yara ke ba mu



Akwai kalmar Turanci guda da ba ma wuni ba mu furta ta a aji ba. Mukan gama rubutu a allo, mu juyo mu ce, "Is it clear?" Yara su amsa baki ɗaya, "Yes", mu kuwa mu ɗauki dasta mu goge.

Asalin kalmar daga Latin ne, "clarus", ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, da ma'anar abu mai haske ko sautin da ke fita sosai. Turanci ya ɗora mata kaya masu yawa, Hausa kuwa ta rarraba kayan: ruwa garau, gari ya yi wasai, murya raɗau, magana ƙarara, bayani dalla-dalla. Direbobinmu ma sun ari tasu, shi ya sa suke yin kiliya a gefen titi don su ba da hanya.

To, a duk waɗannan, siffar abin ake bayyanawa, ba halin mai kallonsa ba. Ruwan yana iya zama garau alhali mai ƙishirwa bai sha ba. Haka tambayarmu take: allon muka tambaya, ba yaron ba. Rubutun ya fita, muryarmu ta kai bayan aji, saboda haka yaron da ya ce "Yes" bai yi ƙarya ba, ko da bai fahimci komai ba. Ga kuma tarbiyyar gida, wadda ta hana shi duban babba ya ce masa maganarsa ba ta fito ba. Abin ya fi tsanani a aji huɗu, inda a da aka saba komawa koyarwa da Turanci. Daga nan giɓin yake faɗaɗa a ɓoye, ba ma ganinsa sai ranar jarrabawar shiga sakandare, lokacin da gyara ya wuce hannunmu.

Shawararmu ita ce mu rage wannan tambaya. Mu ɗaga yaro ɗaya, musamman daga bencin baya, ya maimaita abin da muka faɗa da Hausa, da kalmominsa. In lissafi ne, mu sauya lambobin mu miƙa masa alli. Mun san yawan yaran da ke ajujuwanmu, ba za mu bi kowa a rana ɗaya ba. Amma yara uku a kowane darasi ba su fi ƙarfinmu ba, muddin gobe wasu ukun muka ɗaga.